Ina maharbi ya shige a rubutunmu?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A cikin littattafan da muke saki kullum a WhatsApp da Wattpad, nawa ne jaruminsu maharbi? Likita akwai, soja akwai, ɗan attajiri ba a magana. Amma mutumin da ke shiga daji da kwari da baka ko bindigar toka, ya kwana a kan bishiya yana dakon abin da zai iya hallaka shi, ban gan shi ba. Alhali da labaransa aka raine mu. Ina da niyyar rubuta labarin wani maharbi da daji ya juya masa baya, shi da ya saba bin sawu sai ga shi ana bin nasa. Me ke sa irin wannan labari ya riƙe mai karatu har ya kasa ajiye waya? Kuma kuna ganin mutanenmu za su karanta?

Auwal Funtuwa:
Wa alaikumus salam Anti. Za su karanta mana. Ki shiga kowane shagon tura finafinai ki ga abin da samari ke karɓa: fassarar finafinan da ake sakin mutum a tsibiri ko a kurmi a ce ya tsira da ransa. Kuma abin da kike son yi, wato mai farauta ya koma abin farauta, tsohuwar dabara ce a wajen Turawa. A 1924 wani Ba'amurke mai suna Richard Connell ya rubuta gajeren labari a kan wani shahararren maharbi da ya faɗo daga jirgin ruwa, ya yi iyo zuwa wani tsibiri, ya tarar da wani hamshaƙi wanda farautar dabbobi ta gundure shi, ya koma farautar mutane. Ya ba shi wuƙa da guzuri, ya ce in ya kai kwana uku bai kama shi ba, ya tsira. An yi fim ɗinsa a 1932, kuma har gobe ana maimaita wannan gini da sunaye daban-daban.

Baban Hanifa:
Auwal, ɗana, ba sai mun je Amurka aro ba. Ni a gidan maharba na tashi, a ƙasar Ningi, kuma tun kafin in iya riƙe baka na san labarin maharbin da aka farauta. Bari in ba ku yadda aka ba mu.

Ɗan sarkin baka ne ya addabi ɓaunayen daji, kullum sai ya kayar da ɗaya. Sai wata ɓauna ta rikiɗa ta zama budurwa, ta shigo gari, kyanta ya rikita samari, ta ƙi kowa sai shi. Aka ɗaura aure. Da dare ya raba sai ta fara yi masa tambaya cikin lallashi: "Wai kai in ɓauna ta taso maka, yaya kake yi ka kuɓuta?" Ya ce yakan zama suri. "In ta tunkuyi surin fa?" Ya ce ya zama kututture. "In ta tumɓuke kututturen?" Ya ce ya zama ciyawa. "In ta tattake ciyawar?" Ya buɗe baki ya ce, "Sai in zama zo..." Uban da ke kwance a ɗakin da ke maƙwabtaka da nasu ya daka masa tsawa: "Kai, rufe mini baki!" Ya yi shiru.

Gari ya waye ta ce ya raka ta ganin danginta, amma ya bar kwarinsa a gida, ai ba a zuwa gidan surukai da makami. Suna yin nisa ta koma ɓauna. Ya zama suri, ta nufo surin. Ya zama kututture, ta nufo kututturen. Ya zama ciyawa, ta sa kofato. Sai ya zama zobe ya faɗi cikin ƙura. Ta yi ta zagaye tana neman abin da ake kira "zo", ba ta gane ba, har ta gaji ta tafi.

Hajiya Ummu, kin ga inda jan ran yake? Mu masu sauraro mun san ɓauna ce tun ranar da ta shigo gari, shi ne bai sani ba. Duk amsar da ya ba ta a daren nan, gabanmu faɗuwa yake, don mun san ƙofar tsira guda ce ya rufe wa kansa. Babu jini a wannan daren, babu gudu, hira ce kawai ta miji da mata, amma nan ne yara ke matsowa jikin kaka.

Ummu Khalil:
Allah Ya saka da alheri Baba. Wallahi na san tatsuniyar nan amma ban taɓa lura cewa daren ya fi dajin tsoratarwa ba. To ke nan in bar mai karatu ya riga jarumin sanin haɗarin?

Baban Hanifa:
Ki bar shi ya san haɗarin, ki ɓoye masa mafitar. Sannan ki san daji. Wannan shi ne inda marubutanmu ke faɗuwa. Sai ka karanta "ya shiga wani ƙasurgumin daji mai duhu da ban tsoro", shi ke nan. Wane daji? Wace bishiya ce a ciki, marke ne ko ƙirya ko kanya? Rani ne, ciyawa ta bushe tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ko damina ce, gamba ta fi mutum tsawo?

Maharbi kafin ya ɗaga ƙafa sai ya ɗebi ƙasa mai laushi ya sake ta a hankali ya ga inda iska ta kai ta, don in iska ta ɗauki warinsa ta kai wa nama, ya yi asarar yininsa. In ya ga kashin dabba sai ya taɓa da bayan hannu, ɗumi ko sanyi ke gaya masa nisan da ke tsakaninsu. Da asuba yana duba inda aka kaɗe raɓa a jikin ciyawa. In ya yi harbi dabbar ta gudu, jinin da ta zubar ke ba shi labari: ja mai haske da kumfa, huhu ya samu, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu, hanta ce, a ba ta lokaci. In da tarkacen ciyawa a ciki, tumbi ya fasa, akwai sauran aiki, kuma nan ne ake mutuwa. Ɓauna mai rauni ba gudu kawai take yi ba. Takan yi kwana ta dawo gefen sawunta ta laɓe cikin duhuwa, kai kana sunkuye kana bin jini, ita tana kallonka. Tsofaffinmu kan saurari carki, tsuntsun da ke cin kaska a bayanta, don wani lokaci tashinsa kaɗai ke tona inda take.

Na ga yayan mahaifina yana farauta da burtu. Kan tsuntsun ne da dogon wuya na itace, a ɗaura a goshi da igiyar fata, mutum ya lulluɓe da baƙin zane ya durƙusa. Yana tafiya da gwiwa, yana sunkuyar da kai kamar mai tsattsagar ƙwari, ya ɗan tsaya, ya waiga, ya ci gaba. Barewa ta ɗago ta dube shi, ya ci gaba da tsattsaga. Ta mai da kai ga kiwo, ya matsa taku biyu. Ƙaya na shiga gwiwarsa ba shi da ikon cewa wash. Ki rubuta wannan yadda yake, ki ga ko akwai mai ajiye waya.

Malam Habu Zariya:
Madalla da wannan bayani, Alhaji. Ni abin da zan ƙara ta fuskar addini ne, kuma yana da amfani ga ginin labarin. Musulunci bai hana farauta ba. A Suratul Ma'ida an halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo, in an ambaci sunan Allah lokacin sakinta. Amma a Risala, littafin da kowane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya sani, an bambance: farauta don wasa da nishaɗi makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halas ce. Ku duba labarin da Auwal ya kawo. Mugun da ke tsibirin ba yunwa ce ta sa shi farauta ba, gundura ce. Wanda ya mai da ɗaukar rai abin ɗebe kewa, in na dabba ya daina gamsar da shi, ina zai nufa? Saboda haka, Malama Ummu, in kina neman bambanci tsakanin jaruminki da abokin gabarsa, ba a ƙarfi ko iya harbi yake ba. Ɗaya yana kashewa don ya ci da iyali kuma yana jin nauyin abin, ɗayan yana jin daɗi.

Auwal Funtuwa:
Gaskiya ne Malam. Amma ni na fi son inda dabbar ce ke farautar mutane. Kamar zakunan Tsavo a Kenya, a 1898, lokacin da Ingilishi ke shimfiɗa titin jirgin ƙasa zuwa Uganda. Zakuna biyu maza marasa geza suka riƙa shiga sansanin leburori da dare suna jan mutane daga tanti, har aiki ya tsaya. Injiniyan aikin, Patterson, shi ya harbe su a watan Disamba na shekarar. An daɗe ana cewa mutum 135 suka ci, daga baya masu bincike suka auna gashi da ƙashinsu suka ce abin ya fi kusa da 35. Har yanzu suna nan a gidan tarihi a Chicago.

Malam Habu Zariya:
Kuma ka san ɗaya daga cikinsu haƙorinsa a lalace yake? Haka ma damisar Champawat a Indiya, irin mai zane-zanen nan, wadda aka lissafa mata mutum 436 tsakanin Nepal da Indiya kafin wani maharbi mai suna Jim Corbett ya harbe ta a 1907. Da aka duba bakinta sai aka tarar fiƙoƙinta na gefe guda a karye. Corbett kansa ya yi ta nanata cewa yawancin masu cin mutane rauni ko tsufa ne ya hana su kama naman dawa. Fim yakan mai da dabbar shaiɗaniya don a ji daɗin mutuwarta. Marubucin da ya san dalili zai fi ba ta tsoro, don yunwa ba ta fasawa.

Maman Ihsan:
Ku yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Kuna maganar mutum ya zama abin farauta kamar wani abu ne na tsibiri ko na zamanin kaka. Mu a Zamfara shi muke kwana da shi muke tashi. Ƙanena da muke ciki ɗaya an ɗauke shi a gona. Da dare ake kora su cikin daji ba takalmi, da rana a ɗaure su ƙafa da ƙafa a gindin bishiya. Ruwan da shanu suka taka suka yi fitsari a ciki shi suke sha. Ya yi wata da watanni. Sai da muka sayar da gonar gado da shanun huɗa kafin ya dawo. Yau in babur ya wuce ƙofar gida da gudu sai ya miƙe tsaye jikinsa na rawa, ga 'ya'yansa suna kallo.

Yar'uwa Ummu, ban ce kina da mugun nufi ba. Amma in na ga an ɗauki wannan an yanka shi shafi-shafi, kowane shafi a tsaya a inda aka ɗora wa mutum bindiga a ka, a ce "mu haɗu gobe, masu so su biya kuɗin karatu", raina ba zai so ba.

Ummu Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba shi lafiya, Ya mayar muku da alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Yaya, maganarki ta shige ni. Amma ina tambaya da girmamawa: in mu ba mu rubuta ba, wa zai rubuta? Jarida za ta ce an sace mutum kaza, an sako mutum kaza. Ba za ta faɗi rawar jikin da kika faɗa ba.

Maman Ihsan:
Amin. Ban ce kada a rubuta ba. Yadda ake rubutawar ne ke damuna. Na karanta wani littafi a waya inda shugaban 'yan bindiga kyakkyawa ne, mai kwarjini, har yarinyar da ya sace ta kamu da sonsa. 'Yan mata na ta yaba shi a ƙarƙashin shafin. Ranar ban iya cin abinci ba.

Auwal Funtuwa:
Allah Ya kiyaye gaba Anti, wannan kam ɓarna ce. Sai dai ta fuskar gini, dole mugu ya zama mai ƙarfi da wayo. In rago ne ko wawa, ba wanda zai ji wa jarumi tsoro.

Nasiru Mubi:
Auwal, ƙarfi daban, ado daban. Ana iya nuna mutum yana da bindiga da mutane da sanin hanya ba tare da an shafa masa turare ba. Ɓaunar da Baba ya ba mu labari ai kyakkyawa ce, amma akwai yaron da ya taɓa jin tatsuniyar ya so ta? Babu, don tun farko an nuna mana abin da ke ƙarƙashin kyan.

Sannan ina so in tuna wa zaure cewa maharba ba su ƙare a tatsuniya ba. A watan Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri suna neman a ba su izinin shiga Sambisa, dajin da asalinsa gandun namun dawa ne. A ƙarshen Oktoban shekarar Boko Haram ta kama garinmu Mubi, kuma a watan Nuwamba maharba da 'yan sa-kai suna cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato shi. Da bindigar toka da layu da sanin daji. Har mace a cikinsu, A'isha Bakari Gombi, wadda ta jagoranci maza zuwa daji kuma duniya ta san da ita. Ga jarumai a ƙofar gida. Mutanen da suka koyi bin sawun gwanki sai ga su suna bin sawun babura don nemo 'ya'yan mutane. Ban ga dalilin da zai sa a ce wannan ba abin rubutawa ba ne.

Hadiza Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa na Nijeriya. Ni ina nan Zinder. Ina ganin kun tsaya a kan mugu da yawa. A wajenmu abin da ya fi kashe mutane a labarin tsira ba shi da fuska. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da garin Arlit, nan Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace. Yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance, Hausawa 'yan'uwanmu da fatara ta kora. An same su a warwatse, wasu a gindin 'yan itatuwa, uwa da 'ya'yanta wuri guda. Ba zaki, ba ɗan bindiga. Ƙishirwa ce. 'Yan kaɗan da suka tsira da ƙafa suka taka har suka kai ga mutane.

Abin da ke hana ni barci in na tuna shi ne shawarar da kowace uwa ta yanke a wurin: a zauna jikin mota a jira, ko a tashi a bi sawun taya? Ragowar ruwan a ba wa na goye ko a ba wa babban da zai iya tafiya neman taimako? In marubuci na neman abin da zai riƙe zuciya, ga shi nan, kuma ba sai ya ƙawata kowa ba.

Auwal Funtuwa:
Allah Ya jiƙansu. Wannan ya tuna mini Harrison Okene, mai dafa abinci a wani jirgin ruwa da ya kife a tekun Nijeriya a watan Mayun 2013. Su 12 ne a ciki, shi kaɗai ya rayu. Jirgin ya nutse kimanin mita 30, shi kuma ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da ruwan sanyi kusan awa 60. Masu ninƙaya da aka turo gawa suka zo ɗauka, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama shi. Bidiyon yana nan a intanet. Na yarda, Anti Hadiza, a nan ba mugu ko ɗaya, mutum ne kawai a zaune iska na ƙarewa.

Baban Hanifa:
To kun zo inda nake so. Maharba suna da kirari, in mai gangi ya kaɗa ko mai komo ya taɓa tsirkiya, za ka ji mutum ya zabura yana faɗin shi ne wane, ya kwana inda kura ta ƙi kwana. Wannan na dandali ne. A daji ba a kirari. Wanda ya hau bago a bakin ruwa yana jiran nama, sauro na cinsa bai isa ya kai mari ba, fitsari ya matse shi bai isa ya sauko ba, kuma yana jin tsoro. Mahaifina bai taɓa faɗin haka a gaban mutane ba, amma ya faɗa mana a cikin gida. Littattafan jarumtar da muka karanta muna samari kirarin suka kwafa: jarumi ya sare dubu, tauri ya hana ƙarfe kama shi, layar zana ta ɓatar da shi duk sanda aka ritsa shi. In mutum ba ya mutuwa, don me zan ji masa tsoro? Ki ba shi layunsa, Hajiya, don maharbi ba ya fita ba su, amma ki bar ƙishirwa ta kama shi, ƙafarsa ta kumbura, harsashinsa ya rage guda.

Kuma ki sani dajin ma ya canja. Zaki da giwa da kakanninmu ke ba da labari, yau in ba ka je irin Yankari ba, ba za ka ga giwa ba, zaki kuwa ko a can ya zama abin nema. Falgore da Kamuku da Rugu, da sunan namun dawa aka san su, yanzu in an ambace su wani abu ne ke zuwa ran mutum. 'Yan farautar rani da ke cika mota da karnuka da gora, yawanci zomo da gafiya da gada suke samowa, wani lokaci a dawo da rauni don an yi rigima a kan wanda karensa ya fara kamawa. Maharbin da za ki rubuta a yau mutum ne da sana'arsa ke mutuwa a hannunsa.

Ummu Khalil:
Baba, wannan ya sauya mini labarin gaba ɗaya. Ga abin da nake gani yanzu: dattijon maharbi ne da nama ya ƙare masa, 'ya'yansa sun ƙi gadon sana'ar. Aka sace mutanen ƙauyensu har da shi, masu satar ba su san ko shi wane ne ba, tsoho kawai suka gani. Shi kaɗai ya san akwai kukar da ke riƙe ruwa a kogonta, ya san wane tushe ake ci wane ke kisa. Mai karatu ya san ko shi wane ne, su ba su sani ba. Yaya Maman Ihsan, in na bi ta nan, kin yarda?

Maman Ihsan:
Da sharaɗi biyu. Kada ki tsaya a ranar da suka fito daga daji ana guɗa. Ki bi su gida, ki nuna bashin da aka ci, da gonar da ta tafi, da matar da mijinta ya ƙi kallonta bayan ta dawo. Na biyu, ba kowa zai fito ba. A tafiyar ƙanena akwai wani tsoho mai ciwon sukari da ya kasa tashi wata safiya, aka bar shi a nan, har yau iyalansa ba su samu gawarsa sun binne ba. In kika fitar da kowa lafiya don a ji daɗi, kin yi mana ƙarya.

Nasiru Mubi:
Sharaɗi na biyun nan zai sa wasu masu karatu su yi fushi, sun saba a ƙare da biki.

Maman Ihsan:
Su yi. Ummu, in kin tashi rubuta wajen tafiyar dare ki yi mini magana ta akwati. Zan tambayi ƙanena, in ya amince zai gaya miki da bakinsa. In bai amince ba kada ki matsa.